Garin da Bunsuru ke Sarauta Kwana Uku

Mu ƴan kasuwa mun san bunsuru a turke: a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Amma a Killorglin, wani ƙaramin gari na manoma a yankin Kerry da ke kudu maso yammacin ƙasar Ailan, bunsuru sarauta yake yi, kuma albarkacinsa kasuwar garin ke cika.

Kowace shekara daga 10 zuwa 12 ga Agusta ake cin wannan kasuwa mai suna Puck, wato bunsuru a harshen mutanen ƙasar. Maza kan hau duwatsu su kamo bunsurun daji, wata yarinya ƴar makaranta ta ɗora masa kambi, a hau da shi kan wani dogon dandamali a tsakiyar gari. Ranar farko ta dawaki ce, ta biyu ta shanu, ta uku kuwa ranar watsewa, a sauke sarki a mai da shi dawa.

Tun 1613 Sarki James na Ɗaya na Ingila ya ba da takardar amincewa da kasuwar. Asalin bunsurun kuwa, tsofaffi na da labari biyu. Wasu sun ce lokacin da sojojin Cromwell ke ɓarna a ƙasar, wani bunsuru ne ya shigo gari a guje, mutane suka farga, suka ɓoye dukiyarsu. Wasu kuma sun ce maganar haraji ce: an hana mai ƙasar karɓar kuɗin kasuwar shanu, dawaki da tumaki, sai lauya Daniel O'Connell ya lura dokar ba ta ambaci awaki ba. Aka ɗaga bunsuru sama, aka ce kasuwar awaki ce, aka ci gaba da karɓa.

Cinikinsu ma ba baƙo ba ne gare mu. Dillali kan shiga tsakani har a tafa hannu, sannan mai sayarwa ya mai da wa mai saye ɗan wani abu daga cikin kuɗin, don dabbar ta yi albarka.

Al'adar ta sha jarrabawa. Annobar korona ta hana taron a 2020 da 2021. A 2022 zafi ya sa aka sauko da bunsurun, masu kare haƙƙin dabbobi suka yi ca. Daga 2023 aka taƙaita zamansa a sama zuwa ɗan lokaci kaɗan.

Mutanen garin sun rage wa sarki wahala, amma ba su tuɓe shi ba. Sun san dubban baƙin da ke cika shaguna da rumfunan abinci don shi suke zuwa. In ya tafi, ciniki zai bi shi.