Na'urorin bakin rami: yadda rezon bisa yake haɗuwa da tsohon rezo

A cikin wannan ƴar takarda muna so mu duba matsala guda: idan aka shimfiɗa sabon rezo a bisa intanet, ta yaya waɗanda suka shiga cikinsa za su ci gaba da magana da waɗanda ba su shiga ba? Za mu ɗauki misalin tsarin LISP, wanda hukumar IETF ta buga a watan Janairu na 2013 a takarda RFC 6830, sa'an nan ta tabbatar da shi a 2022 a RFC 9300 da 9301.

Adireshin IP yana yin aiki biyu a lokaci ɗaya: yana faɗin ko wace na'ura ce, yana kuma faɗin inda take. Saboda haka duk ma'aikatar da ke son ta haɗu da kamfanonin sadarwa biyu ba tare da ta canza adireshinta ba, sai ta shelanta shi ga duniya ta hanyar BGP, jadawalin hanyoyi kuma ya ƙaru da layi ɗaya. Wani taron masana da aka yi a Amstardam a watan Oktoba na 2006 ya nuna damuwa a kan wannan kumburi, kuma a watan Agusta na 2014 jadawalin ya kai wajen layi 512,000, har waɗansu tsofaffin na'urorin raba hanya suka kasa ɗauka. Dabarar LISP ita ce a raba ayyukan biyu. Lambar shaida, EID, tana zama a cikin gida. Lambar wuri, RLOC, ita kaɗai ce manyan hanyoyi suke gani.

Tsakanin gidaje biyu masu LISP abin ba wuya. Na'urar mashigar rami, ITR, tana karɓar ƙunshi, ta tambayi ma'ajiyar taswira inda mai wannan EID yake, ta saka ƙunshin a cikin sabon ambulan mai ɗauke da RLOC, ta aika ta ƙofar UDP mai lamba 4341. Na'urar mafitar rami, ETR, ta cire ambulan ta miƙa. Wannan naɗewa ita ce Faransawa ke kira encapsulation.

Wahalar tana wajen na'urar da ba ta san LISP ba, wato kusan dukan intanet. Idan ta aika ƙunshi zuwa ga wani EID, masu raba hanya za su duba jadawalinsu ba su same shi ba, tun da dai an ɓoye shi da gangan, su yar da ƙunshin. Takarda RFC 6832 ta kawo magani: wakiliyar mashiga, PITR. Ita wannan na'ura ƙafarta ɗaya tana cikin tsohon rezo, ɗaya tana cikin rezon bisa. Ga tsohon rezo tana shelanta babban yanki na lambobin EID a dunƙule, kamar ita ce mai su, ƙunshi kuwa ya biyo shelar ya iso gare ta. Daga nan sai ta yi aikin ITR: ta nemi taswira, ta naɗe, ta tura. A lura da kalmar “a dunƙule”. In wakiliyar ta shelanta kowane gida daban, an koma gidan jiya ke nan, jadawalin bai ragu da kome ba.

Amsa kuma tana da tata hanya. ITR na gidan LISP ta tambayi taswira, a ce mata wannan adireshi ba na LISP ba ne, sai ta saki ƙunshin ba ambulan. Sau da yawa hakan ya isa. Amma kamfanin sadarwa mai bin shawarar BCP 38 ta shekarar 2000 yana yar da duk ƙunshin da adireshin mai aikowa ba ya cikin waɗanda ya sani ga wannan layi, kuma EID na iya faɗawa cikin wannan tarko. Haka nan idan gidan yana aiki da IPv6 a ciki, kamfaninsa kuwa IPv4 kaɗai yake ɗauka. A nan ake bukatar wakiliyar mafita, PETR, wadda za a naɗe ƙunshin zuwa gare ta, ta warware shi a wurin da zai wuce. Ke nan tafiya da dawowa ba lalle su bi hanya ɗaya ba, abin da ke wahalar da mai neman inda matsala take.

Akwai kuɗin da ake biya. Ambulan na IPv4 yana cin oktet 36: 20 na IP, 8 na UDP, 8 na LISP. A layin da iyakarsa 1500 ce, 1464 suka rage wa ƙunshin asali. Ƙunshin farko ma yana iya ɓata kafin taswira ta iso. Sai kuma zagaye: in wakiliyar tana wata nahiya, ƙunshi tsakanin maƙwabta biyu zai je can ya dawo.

A ganinmu babbar tambaya ba ta fasaha ba ce: wa zai sayi wakiliyar, ya ɗauki kayan mutanen da ba abokan cinikinsa ba? Tsarin 6to4 na 2001 ya dogara ga irin waɗannan masu miƙawa na sa kai, a adireshi 192.88.99.1, ingancinsu ya gagara tabbata, aka soke adireshin a 2015. LISP bai zama tsarin intanet baki ɗaya ba. Inda ya sami gindin zama shi ne cikin rezon ma'aikata guda, kamar SD-Access na Cisco, inda LISP ke riƙe taswira, VXLAN ke naɗe ƙunshi, na'urorin kan iyaka kuma na mai rezon ne, shi ke sayensu, shi ke amfana da su.