Sharar ƙofar gida da yasar kwata: nauyin wa ne?

A ƙasashen da ƙanƙara take zuba, doka ta faɗi wanda zai kwashe ta. A birnin New York na Amurka, mai gida ne ke share gefen titin da ke gabansa cikin awa 4 bayan ta tsaya, in ya ƙi a ci shi tara. A Faransa kuwa, magajin gari yana da ikon ɗora wa mazauna titi wannan aiki.

A jihar Maraɗi babu ƙanƙara, amma akwai rairayin da iskar hunturu ke tarawa, akwai leda, akwai sharar ranar kasuwa. Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta ratsa Gidan Rumji, Cadawa, Agye da Gazawa, ta jawo shaguna da rumfuna sun jeru a bakinta. Duk abin da aka share daga cikin shago, a gaban shago yake kwana; iska ta tura shi kwata, kwata ta toshe, a jira damina.

Doka ba ta yi shiru ba. Tun ranar 2 ga Maris 1993 Nijar ta kafa dokar tsabtar jama'a, wadda ta hana zubar da shara a kan hanya. Kundin ƙananan hukumomi na 2010 ya ɗora tsabtar gari a wuyan ma'aikatar magajin gari. A 2014 aka hana shigo da baƙar leda da sayar da ita. Ke nan aikin rabi da rabi ne: mai gida ko mai shago ya tsare gabansa, hukuma ta tanadi juji, ta kwashe, ta yashe manyan magudanan ruwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kowane ɓangare yana jiran ɗaya. Ɗan kasuwa ya ce tun da ana karɓar harajin rumfa, shara ta hukuma ce. Ma'aikaci ya ce harajin bai kai ga sayen man mota ba, balle kuɗin leburori. Ruwa kuwa ba ya tambayar wanda ke da gaskiya. A daminar 2024 jihar Maraɗi tana cikin waɗanda ambaliya ta fi yi wa ɓarna. Gidajen laka sun rushe, an yi asarar rayuka. Ba kwata kaɗai ta jawo hakan ba, amma toshewarta tana maida ruwan titi cikin gida, kuma ruwan da ya kwanta shi ne gonar sauro.

Abin da ya rage shi ne kowace ƙaramar hukuma ta fito fili ta shata iyaka: daga ina zuwa ina ne rabon mai shago, wace rana amalanke zai zo, nawa ce tarar wanda ya ƙi. Masu unguwa su yi shela, a yi gayyar yasa tun watan Mayu, kafin hadarin farko ya haɗu.