Wata Shida na Aiti, Rabin Kundin Digiri

Duk ɗalibin kimiyya ko aikin gona a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato ya san abubuwa biyu da ke jiransa kafin ya karɓi digiri: zaman koyon aiki na SIWES, wanda ɗalibai ke ce wa aiti, da kundin bincike na shekarar ƙarshe. Hukumar ITF ce ta ƙirƙiro SIWES a 1973, saboda ƙorafin masu ɗaukar ma'aikata cewa ana yaye ɗalibai da ilimin aji kawai, hannunsu bai saba da aiki ba. Kwasa-kwasai da yawa wata shida ake ba su.

Abin takaici, ɗalibi zai nemi ofis a cikin birni inda zai riƙa sa hannu ya koma gida, ya cike logbuk da daddare. Shekara na zagayowa malami ya ce a kawo taken bincike, sai ido ya raina fata: ga lacca, ga jarabawa, ga babu kuɗin motar zuwa ƙauye. Daga nan ake zarcewa shagon kwamfuta a sayi tsohon kundi a canja masa suna.

Alhali filin bincike na nan a bakin ƙofa. Hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Tambuwal ta ratsa Boɗinga da Shagari, kuma a Shagari akwai dam da ake noman rani a kewayensa. Ɗalibin aikin gona da ya yi aitinsa tare da waɗannan manoma zai ga ranar da aka dasa albasa, sau nawa ake ban ruwa a mako, lita nawa ta fetur inji ke sha, nawa buhu yake ranar cira, nawa kuma ya koma bayan ya yi wata uku a ajiye a rudu. Manomi ba ya rubuta irin waɗannan. In ka zo masa da takardar tambayoyi bayan shekara, abin da ya iya tunawa zai gaya maka, ko abin da yake zaton zai jawo masa tallafin taki.

Haka wanda aka tura ɗakin gwaji na asibiti. Inda duk ruwa ke kwanciya yara na wanka a ciki, akwai barazanar tsargiya, domin wasu ƙananan katantanwa ne ke renon tsutsar. Mai duba fitsari a madubin likita kullum ya riga ya samu tambayar bincike. Sai dai rajistar marasa lafiya ba tasa ba ce. Dole ya nemi izinin shugaban wurin da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, kuma sunan kowa ba ya shiga kundi. A ƙauye ma ba a fara yi wa mutane tambayoyi kafin a je a gaida mai gari.

Tun kafin a fita ya kamata a sami malami a tsai da tambaya ɗaya, ko da sashe bai raba masu duba kundi ba tukuna. A kuma lura da lokaci. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na wata takwas a 2022 ya birkita kalandar jami'o'i, don haka aiti na iya faɗowa a damina, lokacin da gero da dawa da wake ne a gona. Wanda ya ƙulla bincikensa a kan albasar rani zai dawo hannu rabbana.

Littafi biyu ake riƙewa. Logbuk na ITF ne da makaranta, aikin yini ake rubutawa a ciki. Ɗayan na alƙaluma ne, kowane da kwanan watansa da wurin da aka ɗauke shi. Aikin da aka turo ka shi ne gaba, bincike ya biyo bayan tashi ko ranar kasuwa. Idan malamin da ke zagayen duba 'yan aiti ya iso, a nuna masa littafin na biyu ya gyara tsarin tun ana filin.