Ƙumba Mai Shuɗɗan Idanu: Tsintar Sikalof a Gaɓar Fulorida

  Yau za mu ƙetare teku zuwa jihar Fulorida ta Amurka. A can, daga watan Yuni zuwa Satumba, magidanci kan kwashi iyalinsa, ya biya ɗaruruwan daloli, a kai su cikin teku a kwale-kwale mai inji, su yini suna nutso suna tsintar wata ƙumbar teku da ake kira sikalof.

Kada wani ya ce bai san ta ba. Duk wanda ya taɓa ganin tambarin kamfanin mai na Shell, mai launin ja da rawaya, to ya ga ɓawon sikalof. Tun 1904 kamfanin ya ɗauke shi a matsayin alamarsa.

Wurin da ake wannan farauta yana yammacin jihar, inda gaɓa ta lanƙwasa a bakin Tekun Meziko. Ƙananan garuruwa ne irin su Steinhatchee da Homosassa da Crystal River. Idan sanyi ya shigo, baƙi kan je Crystal River kallon ayu, ɗan'uwan wanda muke da shi a Kogin Binuwai. Idan zafi ya yi, sai kasuwa ta koma ta sikalof. Ruwan wajen ba zurfi, mita 1 zuwa 3 ne, ƙasansa kuma shimfiɗe yake da ciyawa. A cikin ciyawar nan sikalof ke ɓuya. Ku riƙe maganar ciyawar nan, za mu dawo kanta.

Da sassafe ake fita. Mai kwale-kwalen shi ne jagora. Shi ya san inda ƙumbar ta taru a bana, don ba lalle ta taru inda ta taru bara ba. Lasisinsa na kamun kifi ya wadatar da duk fasinjojinsa. Ya ba kowa gilashin ninƙaya, da bututun numfashi, da takalmin iyo mai faɗi, da jakar raga. Ya saki anga, ya ɗaga jar tuta mai farin layi a karkace, wadda ke shaida wa sauran jiragen ruwa cewa akwai mutane a cikin ruwa, su sassauta. Doka ta ce mai nutso kada ya nisanci tutar fiye da kimanin mita 90. Daga nan sai ka kwanta rub da ciki a saman ruwa, kana leƙen ƙasa. Ka hango, ka ja numfashi, ka nutse, ka ɗauko da hannu ko da 'yar ƙaramar koma. Abin da doka ta yarda da shi ke nan.

To amma ba ta zama ta jira ka. Sikalof na iyo. Buɗe ɓawonta take ta rufe da ƙarfi, ruwa ya feso, ta yi tsalle ta bar maka wurin. Kuma ta gan ka tun kafin ka iso.

Ƙwarai kuwa, ta gan ka. A nan ne ni kaina abin ya ɗaure mini kai. A gefen ɓawonta akwai idanu a jere, shuɗɗa shar, fiye da 30. Wasu 'yan'uwanta ma sukan kai ido 200. Halitta ce da ba ta da kai, ba ta da ƙwaƙwalwa irin wadda muka sani, amma ga idanu reras.

A 1965 wani masani ɗan Birtaniya, Michael Land, ya gano cewa idon sikalof da madubi yake aiki. A can ƙuryar kowane ido akwai ɗan madubi mai zurfin ciki, shi ke tattara haske ya maido da shi gaba, hoto ya fito. A 2017 masana a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila suka ƙara leƙawa da na'ura mai ƙarfi, suka tarar madubin an gina shi ne da mitsi-mitsin sinadarin da ke sa jikin kifi sheƙi, kowanne mai kusurwa huɗu, an jera su daki-daki ba giɓi. Da irin wannan tsari injiniyoyi ke harhaɗa madubin manyan na'urorin hangen taurari. Duk wannan aiki a cikin idon da faɗinsa bai wuce milimita 1 ba. Allah mai iko!

To me take kallo da idanun nan? Ku saurara ku ji. A 2008 wasu masana biyu a Jami'ar Duke, Daniel Speiser da Sönke Johnsen, suka zaunar da sikalof a gaban allon kwamfuta, suka kunna mata hoton 'yan ɗige-ɗige suna wucewa, tamkar ɓurɓushin abinci a cikin ruwa. Wato dai majigi aka nuna wa ƙumba! Idan ɗigon ya yi girma daidai, kuma yana tafiya a hankali, sai ta buɗe baki. Idan ya cika ƙanƙanta, ko ya cika gudu, sai ta yi biris. Ashe dubawa take ta ga ko abincin da ke wucewa ya isa a buɗe masa baki.

Mu koma kan kwale-kwale. Kafin hadarin yamma ya taso da tsawa, an juyo gida. A zuba ƙumbar a ƙanƙara ta buɗe baki, a sa cokali a ɓare, a fid da ɗan farin naman da ke tsakiya, wanda da shi take rufe ɓawonta. Shi kaɗai akasari ake ci. Gidajen abinci da dama a garuruwan kan soya wa mutum abin da ya kamo. Mai tambayar halaccinta kuwa, a mazhabar Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne.

Nawa mutum zai ɗauka? Galan 2 da ɓawo a rana, kusan lita 7 da rabi, kuma kwale-kwale ɗaya ba zai wuce galan 10 ba, ko mutum nawa ya ɗauko. Idan aka ɓare galan biyun, naman da ƙyar ya kai rabin lita. Mai lissafi zai ce kuɗin motar ma bai fito ba, kuma bai yi ƙarya ba. Nishaɗi aka je saye.

Dalilin wannan tsanani na doka shi ne, sikalof ɗin Fulorida shekara ɗaya take rayuwa, da wuya ta zarce da yawa. A ƙarshen lokacin zafi take zuba ƙwai, sannan ta mutu. Idan aka kwashe ta kafin ta zuba, an cinye iri, baɗi babu. A da ana samunta tun daga Pensacola har West Palm Beach. Gurɓacewar ruwa da mutuwar ciyawa da yawan kamu suka kore ta daga wurare da dama. A 1994 jihar ta haramta kamunta don sayarwa kwata-kwata, ta kuma rufe yankin Crystal River da Homosassa ga kowa da kowa. Sai a 2002 aka sake buɗe shi. Mutanen Argungu sun san wannan hikima: ana tsare Matan Fada a hana su a cikinta, shi ya sa ranar biki ake fitowa da giwan ruwa.

Lokaci na neman ƙwace mana, ga shi ban cika alkawarin ciyawa ba. A taƙaice, 'ya'yan sikalof a jikin ganyenta suke maƙalewa su girma. Farfelar jirgi idan ta yanke ta, sai an yi shekaru kafin gurbin ya cike. Ga guguwa kuma: Idalia a 2023, Debby da Helene a 2024, duk a wannan yanki suka sauka. Hukumar kifi da namun daji ta jihar ta raba wa 'yan sa-kai keji su yi renon sikalof a wasu gaɓoɓin, da kuɗin diyyar wata malalar mai da aka yi a Tekun Meziko a 2010.

Hukumar ce kuma ke tsayar da ranar buɗewa da ta rufewa ga kowane yanki. A Crystal River da Homosassa an saba buɗewa ranar 1 ga Yuli, a rufe ranar 24 ga Satumba, kuma wanda aka kama da sikalof bayan nan ya karya doka. A nan za mu dasa aya. Mu kwana lafiya.