Wanke Suna Daga Hukunci Fiye Da Ɗaya

Mutumin Madawa, ko Buza, ko Kaita, wanda alƙali ya taɓa hukunta shi sau biyu, idan ya nemi aikin gwamnati aka buƙaci takardar kasiye, wato takardar tarihin hukuncinsa na kotu, nan tsohon laifi yakan tare masa hanya, alhali ya tuba ya gyara halinsa. Dokar Nijar ta 1961, wadda ta gaji tsarin Faransa, ta halatta masa neman wankewa, da sharaɗin buƙatar ta haɗa dukkan hukunce-hukuncen da afuwa ba ta shafe ba. Ba ya zaɓar ɗaya ya ɓoye ɗaya. Wajibi ne ya cika wa'adi, ya biya tara da diyya, sa'annan ya kai takardarsa ga mai gabatar da ƙara. Wanda ya maimaita laifi, jiransa kafin neman wankewa ya fi tsawo.