Jinsen: saiwar da ake haƙa a duwatsun Amurka domin kasuwar Sin

Da shigar watan Satumba na kowace shekara, tun kafin rana ta ɗaga, akan ga mutane suna hawan duwatsun Apalash da ke gabashin Amurka, kowane da ƴar fartanya mai tsinin baki da jaka rataye a kafaɗa. Abin da suke nema wata ƴar ciyawa ce da tsawonta bai wuce gwiwa ba, mai jajayen ƴaƴa, wadda ke fitowa cikin inuwar manyan itatuwa a gangaren da rana ba ta dukansa sosai. Sunanta jinsen, saiwarta kuwa sau da yawa ba ta fi yatsa kauri ba.

A shekarun nan, laba ɗaya ta busasshiyar saiwar daji, wato gram 454, takan kama daga dala 500 zuwa kusan dala 1,000. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba. In an juya lissafin, kilo ɗaya ya tashi daga wajen jika 600 zuwa fiye da miliyan ɗaya na kuɗin sefa. Sai dai kafin mai karatu ya fara tunanin neman biza, ya sani cewa sai an haƙa wajen laba uku ta ɗanya kafin a sami laba ɗaya busasshiya, kuma saiwa ɗari biyu ko fiye ke cika labar nan.

Kusan dukan abin da aka haƙa Hong Kong da ƙasar Sin yake tafiya. Masu maganin gargajiya na Sin sun daɗe suna girmama jinsen, har suka kusan ƙarar da na dazukansu. A wurinsu, na Asiya mai ɗumama jiki ne, na Amurka kuwa mai sanyaya shi. Likitocin zamani ba su tabbatar da galibin abin da ake faɗa game da shi ba, amma kasuwa ba ta jiran likita.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi shi ne, tsufan saiwar ake saye. Ana noman jinsen a gonaki ƙarƙashin rumfuna, musamman a gundumar Marathon ta jihar Wiskonsin da kuma lardin Ontariyo na Kanada, ana girbewa bayan shekara uku ko huɗu. Irin wannan saiwa takan fito da ƙiba da santsi kamar karas, kuɗinta kuwa bai kan kai kashi ɗaya cikin goma na ta daji ba. Ita ta daji ƴar ramammiya ce, mai duhu, mai zobba-zobba a jiki, da dogon wuya. Kowace shekara in karan ya bushe ya faɗi, sai ya bar tabo a wuyan nan. Dillali na ƙirga tabon ya san shekarunta, kamar yadda mai sayen sa ke duba haƙori.

Wannan ciniki ya haura shekara 300. A shekarar 1711 wani limamin Katolika Bafaranshe, Pierre Jartoux, ya rubuto daga ƙasar Sin yana siffanta ciyawar, yana kuma kyautata zaton za a same ta a Kanada. Wani ɗan'uwansa limami, Joseph-François Lafitau, ya karanta, ya shiga nema, a 1716 kuwa ya same ta kusa da birnin Montireyal. Nan da nan fatauci ya kankama, farashi ya yi ta hawa. Sai haɗama ta shigo: aka riƙa haƙa tun kafin lokaci, ana busarwa da gaggawa cikin tanderu. Ƴan kasuwar Kanton suka duba kaya suka ƙi saye, cinikin Kanada ya rushe a shekarun 1750. Daga baya Amurkawa suka karɓa. Jirgin ruwansu na farko da ya je ƙasar Sin, mai suna Empress of China, ya tashi daga New York a 1784 ɗauke da wajen tan 30 na wannan saiwa.

Matsalar ita ce ciyawar ba ta da hanzari. Irinta kan yi kusan wata 18 cikin ƙasa kafin ya tsira, sannan sai ta yi shekaru kafin ta fara ba da ƴaƴa na kirki. Wanda ya cire saiwa kuwa ya kashe ta ke nan. Ga kuma barewa, da ta yi yawa a dazukan nan, tana cinye ganye da ƴaƴa. Binciken da James McGraw na jami'ar Birjiniya ta Yamma ya buga a 2005 ya nuna haɗarin da hakan ke jawowa.

Don haka hukuma ta shigo. Tun 1975 jinsen na Amurka yana cikin jerin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin tsirrai da namun daji tsakanin ƙasashe, wadda Nijar ma tana cikinta. Jihohi 19 ne aka amince su fitar da na daji. Ba a haƙa sai cikin kaka, bayan ƴaƴa sun nuna. Ba a taɓa wadda ba ta kai shekara biyar ba, abin da ake ganewa da rassa uku na ganye. A galibin jihohin kuma dole mai haƙa ya binne ƴaƴan a wurin da ya cire uwar. Dillali sai da takardar izini, kaya kuma sai ma'aikatan jiha sun ba da shaida kafin su bar ƙasa. Kanada ta hana fitar da na dajinta tun 1989.

A takarda komai ya yi daidai. To, amma wa ke ganin mutum shi kaɗai a tsakiyar daji? Yankunan Kentoki da Birjiniya ta Yamma inda aka fi haƙa suna cikin mafi talauci a Amurka, tun da mahaƙar kwal suka rage ma'aikata. Ga iyalai da yawa, kuɗin jinsen shi ne tufafin yara na shiga makaranta da abin ɗumama ɗaki cikin sanyi. Tsofaffin mahaƙa suna ɓoye wurarensu ko ga maƙwabci, suna ɗibar manya su bar ƙanana, su shuka ƴaƴa su dawo bayan shekaru. A ganina su ne suka raya ciyawar tun kafin doka ta san da ita. Amma a 2014 wani shirin talabijin mai suna Appalachian Outlaws ya nuna sana'ar tamkar hanyar arziki na dare ɗaya, sababbin hannu suka ƙaru, waɗanda ba ruwansu da baɗi. Ɓarawo kan shiga tun cikin bazara, ƴaƴa na kore, ya kwashe manya da ƙanana, domin ya san in ya bari wani zai riga shi.

A gandun dajin Great Smoky Mountains, inda aka haramta haƙa ɗungum, ma'aikata kan tone saiwoyi su shafa musu wani rini da ba ya fita, su mayar da su ƙasa, don a gane kayan sata a hannun dillali. An ɗaure mutane a kan haka. A 2021 hukumar gandun daji ta dakatar da ba da izinin haƙa a dazukan Nantahala da Pisgah na jihar Karolina ta Arewa, saboda ciyawar ta yi ƙaranci.

Wasu masu filaye sun kama wata hanya. Sukan share busasshen ganye a dajinsu, su watsa iri, su rufe, ba huɗa ba taki, su bar ciyawar ta yi fama da duwatsu kamar ta daji. Bayan shekara bakwai zuwa goma saiwar kan fito da kamannin da Sinawa ke so, farashinta ya kusanci na ta daji. Cikin shekarun nan duka mai fili bai ga ko dala ba, dare ɗaya kuma ya ishi ɓarawo, shi ya sa da yawansu ke maƙala kyamarori a jikin itatuwa.