Shin Ko Kun San? Tafiyar Mai Daga Tanki Zuwa Inji a Hanyar Arlit

Shin ko kun san cewa a yawancin motocin fetur na zamani, famfon da ke tura mai zuwa inji a cikin tanki yake zaune, nutse cikin man? Man ne ke sanyaya shi. Direban da ya saba yawo da lita biyu ko uku a gindin tanki, yau kwalba ɗaya gobe kwalba ɗaya, gasa famfonsa yake yi, balle a Arlit inda zafin watan Mayu kan haura digiri 40. Alamar farko wani siririn ƙugi ne daga ƙarƙashin kujerar baya. Ranar da famfon ya mutu, mota ta tsaya cak ko da tanki maƙil yake.

Shin ko kun san nisan da mai ke yi kafin ya iso garin? Wanda aka tace a matatar SORAZ ta Damagaram, da aka buɗe a 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a rana, sai ya ratsa Tanut da Agadas, tafiyar kusan kilomita 700. Akwai kuma mai arahar nan na Aljeriya da ke shigowa ta wajen Assamaka cikin duro da jarkoki. Daga duro zuwa jarka, daga jarka zuwa kwalba, daga kwalba zuwa mazurari, kowace juyawa da rabon ƙurar da take ƙarawa. Shi ya sa za ku ga mai sayarwa a bakin titi ya shimfiɗa ƙyalle a bakin mazurari kafin ya tuttula. Ƙyallen yana tare tsakuwa da tsatsa, amma ƙurar da ke kashe inji ta fi ƙarfinsa.

Ga dalili. Kaurin gashin kan mutum ya kai wajen maikiron 70, ita kuwa tazarar da ke tsakanin ƙarafan cikin injekta ba ta wuce maikiron kaɗan ba. A injin gazuwal na zamani, wato dizal, matsin mai kan kai awon bar 2,000, alhali tayar ƙaramar mota bar 2 da ɗoriya take ɗauka. Ƙwayar rairayin da ido ba ya gani, in ta bi ta wannan matsi, goge ƙarfe take yi sannu a hankali har injekta ta fara ɗiga maimakon feshi. Sai baƙin hayaƙi, sai shan mai, sai rashin ƙarfi a kan tudu. Abin da ke tsare duk wannan ɓarna filta ce, wadda kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na injekta ba. A ganina babu tsimin da ya kai na filta tsada, kuma wanke tsohuwa da fetur a mayar da ita yaudarar kai ce.

Ruwa fa? Ya fi gazuwal nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya. A gindin filtar Hilux da Land Cruiser akwai ɗan mazubi da ke tara shi, da 'yar makunna da ake murɗawa da hannu a zubar. In fitilarsa ta kama a gaban direba, tsayawa ake yi nan take.

Shin ko kun san injin gazuwal ba ya jure iska a bututunsa? In mai ya ƙare ƙarƙaf, zuba sabo kawai ba ya tayar da shi. Sai karen mota ya buɗe bonet, ya sassauta 'yar ƙusar da ke kan filta, ya riƙa danna famfon hannu da tafinsa har kumfa ta daina fita, mai ya zo zalla, sannan a ɗaure. Wannan na cikin abin da ya sa direbobin sahara ke riƙe da injin Toyota 1HZ mai lita 4.2, wanda ya fito a 1990: famfonsa na ƙarfe ne, ana gyara shi da sifana a gindin dutse. Daga Arlit zuwa Agadas kilomita 240 ne a kan hanyar yuraniyom, zuwa Assamaka kuwa kusan 200 ba kwalta. Mutanen garin ba su manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92, galibi mata da yara, waɗanda ƙishirwa ta kashe bayan motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya.

Allurar da ke nuna yawan mai ma ba abar dogaro ba ce ɗari bisa ɗari. Wani ɗan abu ne ke yawo a saman man kamar gora a kan ruwa, yana hawa yana sauka, allurar tana bin sa. A kan gargada da gangaren rairayi sai ta faɗi abin da ba shi ne ba. Ƙwararren direba da kilomita yake lissafi, yana kuma ƙara kaso mai tsoka saboda yashi mai laushi.

Fetur yana kumbura da kusan kashi 1 cikin 100 duk ƙarin digiri 10. Jarka mai lita 20 da aka cika har wuya da asuba, kafin azahar ta kumbura tana tsartuwa, don haka a bar mata sarari. Tanki kuma yana da ƙofar numfashi. In ƙura ta toshe ta, famfo na ja iska ba ta shiga, sai inji ya riƙa shaƙewa. Bakanike kan gane haka da buɗe murfi ya ji wata doguwar zuƙa.

Shin ko kun san tankin fetur da aka juye ya fi cikakke haɗari a gaban mai walda? Tururin da ya gauraya da iska ne ke fashewa, kuma yana daɗewa a lungunan tanki. Masu walda na ƙwarai a Arlit da Akokan sai sun wanke shi sau da yawa, sun cika shi da ruwa har kusa da wurin tsagar, kafin su kusanto da wuta.